Bip Uku Daga Tungar Zaidu

Ranar Asabar ce a watan Afrilu, irin lokacin da ko jaki a Filinge ba ya yarda ya tsaya a rana. Latifa ta buɗe ɗakin na'ura da hantsi, ta ajiye jakarta bisa tebur, sai ta tsaya cak da mabuɗi a hannu. Ƴar fankar da ke cikin akwatin na'urar tana kuka da wata murya wadda ba ta san ta da ita ba. Da can a hankali take numfashi, kamar jariri mai barci. Yau kuwa huci take.

To, kafin a yi nisa, bari a faɗi abin da ke cikin ɗakin nan, don a san dalilin da hucin fanka zai sa gaban mace mai hankali ya faɗi. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta mutanen Kurfai ta kama ɗakin, ta jera faranti masu shan rana bisa rufi, ta ajiye na'ura biyu kamar tagwaye. Ɗaya ce mai aiki, ɗayar ta gwaji ce. Mai aikin tana riƙe da lambar salula biyu. Idan makiyayi ya yi wa ta farko bip, wato ya kira ya katse kafin a ɗauka, na'ura za ta kira shi ta gaya masa yadda kasuwar dabbobi take. Idan aka yi wa ta biyu bip kuwa, to mace ce ke naƙuda a wani ƙauye. Na'ura ta kira mutanen gidan, ta haɗa su da direban ambilans da ungozomar matarnite, wato asibitin haihuwa. Latifa ce mai kula da tagwayen nan.

Ga kuma ƙanwarta Balkisa can Tungar Zaidu, tafiyar awa guda cikin yashi, da ciki wata tara. Shekara biyu da suka wuce, tun ba a kafa layin ba, bisa amalanken jaki aka ɗauko Balkisa. Ɗan bai iso gari da rai ba. Ita kanta, Allah sarki, da ƙyar.

Latifa ta zauna ta kunna allo. Akwai wani koren layi a jikinsa mai nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwar na'ura ke yi, abin da masu sana'ar ke ce wa purosesar. Ranar da ba kasuwa, layin nan kwanciya yake yi ƙasa, kashi goma sha biyar cikin ɗari, in ya yi yawa ashirin. Yau yana sittin da biyu. Ta duba ko mutane ne suka taru. Babu kowa, sai makiyayi ɗaya daga wajen Bonkuku.

"Ke kuma mi kike tauna haka?" ta ce wa na'urar.

Ta san abin da ya canza, ba sai ta yi dogon tunani ba. Ranar Alhamis Abdurrazak, wanda ke rubuta musu manhaja daga Yamai, ya aiko da sabuwa. Tsohuwar takan jira rabin minti kafin ta maida kira. Sabuwar kuwa nan take take kira, ko ƙiftawa babu, kuma kowa ya yi murna da haka, don mai naƙuda ba ta son jira. Kafin a sa ta, Latifa ta yi mata gwajin nauyi a kan na'urar gwaji, kamar yadda doka ta ce. Gwajin nauyi shi ne a danna wa na'ura bip na ƙarya ɗari biyar kusan lokaci guda, kamar yadda ake labta wa sabon raƙumi kaya a ga ko zai durƙushe. Tsohuwar manhaja ta ɗauki kayan da kashi arba'in. Sabuwa ta ɗauka da arba'in da ɗaya. Latifa ta sa hannu a takarda, ta ɗora ta a kan mai aiki da hannunta.

Ta juya wajen ta gwaji ta sake yi. Tsohuwa, arba'in. Sabuwa, arba'in da ɗaya. Ta sake. Haka dai. Da gwajin ya nuna ciwo, da ta ji sauƙi, don ciwon da aka gani ana neman maganinsa. Amma gwaji yana cewa lafiya lau, mai aiki kuwa ta hau sittin da takwas, jikin akwatin ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kai. Latifa ta san halin na'urar. Idan zafi ya kai mata wuya, kashe kanta take yi ba sallama. Kuma gobe Lahadi, kasuwar Baleyara, ranar da makiyayan ƙasar nan kaf suke danna salula tun safe.

Ta kira Abdurrazak, wanda suke ce wa Shef, wato shugaba. Ana jin kiɗa da guɗa a bayansa.

"Shef, purosesar na hawa, kuma ba kowa bisa layi."

"Madam Latifa, ina wurin biki. Kin yi gwajin?"

"Sau uku. Arba'in da ɗaya."

"To, mi ya rage? Zafin garinku ne. Ki sa mata fanka babba, ki buɗe taga. Litinin zan duba."

"Gobe Baleyara hwa, Shef."

"Ɗari biyar muka gwada ta da shi, ni da ke. Ki kwantar da hankalinki."

Ya kashe. Ta ja fankar tsaye ta saita ta ga akwatin, ta buɗe taga, iska mai zafi ta shigo ta ƙara wa ɗakin. Da aka kira azahar layin yana saba'in da huɗu. Ta yi sallah a nan gefen tebur, tana sujada tana jin hucin nan a kunnenta, har ta rasa raka'a nawa ta yi. Da ta sallame ta duba tarihin kiraye-kirayen jiya, sai ta ci karo da wani abu. Wata mata daga wajen Damana an yi mata bip da yamma, na'ura ba ta maida kira ba sai bayan minti huɗu. Minti huɗu! Manhajar da aka kawo don sauri.

Sai salularta ta yi ƙara ta katse. Ta sake ƙara ta katse. Ta sake.

Ta leƙa taga. Baba Manzo ne, direban ambilans, dattijo mai farin gemu, yana zaune ƙarƙashin dogon yaro taku goma daga ƙofarta, ga ƙwaryar fura a gabansa, yana ɗaga mata ludayi.

"Injiniya! Hito ki sha hura, tun sahe kina hira da ƙarhe."

"Haba Baba Manzo! Kana ganina ta taga, sai ka yi mini bip? Har uku?"

"Ɗaya ai gaisuwa ce, ɗiyata. Biyu, kira ni in kin samu hali. Uku shi ne tashi tsaye. Wa zai yi bip ɗaya ya naɗe hannu yana jira? Sai dai mutumen biro na Yamai, mai zaman ofis."

Latifa ba ta yi dariya ba. Ta tsaya riƙe da ƙarfen taga, tana kallon dattijon kamar yau ta fara ganinsa. Bip ɗin ƙarya na gwajin Abdurrazak masu ladabi ne. Kowane ɗaya yana kira sau ɗaya, ya katse, ya naɗe hannu ya jira a kira shi. Duk ƙasar Kurfai kuwa babu mai yin haka. Mutum yana katse na farko yake danna na biyu, don bai yarda da rezo ba, wato hanyar sadarwar salula, bai yarda na farkon ya isa ba.

Kuma wa ya koya wa matan ƙauye? Ita. Ita ce ta bi Tungar Zaidu da sauran garuruwa bara, ta zauna bisa tabarma cikin mata, ta ce musu kada su yi ɗaya su tsaya, su yi ta yi har sai an kira su. Ta riƙe hannun Balkisa ta faɗa mata haka sau biyu.

Ta koma kujera da sauri har ta tunkuɗe fanka. Ta buɗe rubutun gwajin ta gyara shi. Ba ɗari biyar ta sa ba, ɗari kawai, amma kowace lamba ta yi bip uku a jere, ba jira, kamar yatsan Baba Manzo. Ta fara da tsohuwar manhaja. Layi ya tashi zuwa arba'in da biyar, ya tsaya, ya sauko abinsa. Dalili a fili yake: rabin mintin nan da tsohuwa ke jira, kafin ya cika mutum ya gama bip ɗinsa, kira ya same shi a sake.

Ta sa sabuwa. Hamsin. Sittin da biyar. Ta gama aika bip ɗin, ya kamata layi ya sauko, sai ya ci gaba da hawa shi kaɗai. Ta buɗe ciki ta duba. Sabuwar tana kira nan take, ta tarar mutum yana tsakiyar bip na biyu, layinsa a kame. Sai ta sake, ta sake, ba hutu. Na biyu ya shigo, shi ma ya tada nasa mai kira, su biyu suna tare wa juna hanya. Ko bayan mutum ya sami kiransa ya tafi, waɗannan suna nan suna juyi a ciki, babu mai ce musu an gama. Tun Alhamis suke taruwa a cikin mai aiki, ɗaya bisa ɗaya.

Casa'in. Casa'in da bakwai. Ɗari. Fankar ta gwaji ta yi ƙara kamar za ta fito waje, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Daga bip na farko zuwa mutuwarta, minti goma sha ɗaya.

Ta ɗauki hoton allon mai aiki, tamanin da uku yanzu, ta aika Yamai, ta bi da kira.

"Shef, na gano. Bip uku a jere ne ke kashe ta. Ta gwaji ta mutu cikin minti goma sha ɗaya, da mutum ɗari kacal. Zan maida tsohuwa."

Kiɗan bayansa ya yi nisa, da alama ya fita waje. "Wa ke bip uku?"

"Kowa! Ni na koya musu."

"Maida tsohuwa sai kin tsayar da layi rabin awa, kin sani. Ba a tsayar da layin haihuwa sai da izinin direktan ƙungiya, shi kuma yana hanyar Tawa, ba rezo. In wata ta kira cikin rabin awar nan ba a ji ba, sunanki ne, Madam Latifa. Ki kashe ta ki kunna, za ta yi sauƙi."

"Ta yi sauƙi zuwa gobe da hantsi. Mutum dubu za su danna mata, ta mutu kowane minti goma, ina tada ta tana faɗuwa."

"Ni dai ban ce ki yi ba."

"Na ji, Shef."

Ta ajiye salula. Ta dubi ta gwaji ko za ta iya riƙe layin na ɗan lokaci, amma tana kwance da zafi, kuma ko ta tashi ba ta da jerin ƙauyuka da lambobin ungozoma. In ta bari, gobe layi zai mutu. In ta taɓa, yau zai mutu rabin awa, kuma da hannunta. Ta fita wajen dogon yaro.

"Baba Manzo, salula nawa gare ka?"

"Biyu. Ta aiki da ta gida. Ta gidan kada ki yi mata dariya, ta girme ki a wahala." Ya zaro wata ƴar baƙa mai tocila, an ɗaure bayanta da roba.

"Zan cire pus, ɗan katin layin haihuwa, daga na'ura in sa a cikin wagga. Rabin awa kai ne na'ura. Duk wanda ya yi bip, ka kira shi."

Dattijon ya dubi fuskarta, ya ajiye ludayi, ya goge hannu a riga. Bai ƙara wasa ba.

Ta zare ɗan katin daga akwati da farce, ya kusa kuɓuce mata don gumi. Suka sa shi a salular roba, suka jira sandunan rezo suka fito, biyu kawai. Manzo ya jawo kujera ya zauna bakin ƙofa, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwai. Latifa ta yi bisimilla ta tsayar da mai aiki. Hucin ya ɗauke. Shirun da ya biyo baya ya fi hucin ban tsoro.

Maida tsohuwar manhaja ba wuya gare shi ba, jira ne. Wani siririn sanda yana cika a allo a hankali, ka ce tururuwa ce ke jan shi. Minti biyar. Minti tara. Kowane lokaci sai ta waiga ta dubi Manzo, ya girgiza mata kai. Ta ce a ranta, ya Allah, yau kada kowa ta haihu, su jira, ko minti ashirin ne su jira.

A minti na sha huɗu salular roba ta yi ƙara ta katse.

Ta sake. Ta sake.

Manzo ya nesanta ta daga idonsa yana ƙoƙarin karanta lambar. Latifa ta riga ta iso kansa. Ba ta buƙatar karantawa har ƙarshe, lambar da ta saya wa ƙanwarta ce da kanta.

"Dakata," ta ce. "Bari ta gama, kada ka tarar da ita a kame." Suka tsaya suna kallon ƴar salular, suna ƙirga numfashi. Ba na huɗu. Manzo ya danna.

Surukar Balkisa ce ta ɗauka, tana magana sama-sama. Tun azahar abin ya taso, sun ɗauka da sauran lokaci, yanzu ga jini ya fara. Manzo ya ce mata su kwantar da ita ta gefen hagu, ga shi nan tafe da ungozoma. Yana magana yana laluben mabuɗin mota a aljihu.

"Taho mu tahi, ɗiyata."

Latifa ta kai ƙafa ɗaya waje. Sai ta waiga. Sandan allo bai kai rabi da kwata ba. Akwati a buɗe, pus a waje, layi a tsaye. In ta tafi, babu wanda ya san yadda ake rufe wannan aikin tsakanin nan da Yamai, kuma ba Balkisa kaɗai ke da ciki a ƙasar Kurfai ba.

"Tahi, Baba. Bar mini wagga. Ka ce mata..."

"Zan ce mata kina nan kina faɗa da ƙarhe dominta." Ya ajiye salular roba bisa tebur ya fita da gudun da ba a san dattijo na da shi ba.

Ta zauna ita kaɗai, ido ɗaya a allo, ɗaya a salula, hawaye na ɗiga bisa madannai tana share su da gefen mayafi. Amalanken jakin nan ya yi ta zuwa mata a ido, da ƙurar da ke ƙafafun Balkisa ranar. Da sandan ya cika ta maida pus cikin akwati, ta tada na'ura, ta yi wa layin bip uku da tata salular. Rabin minti ya yi mata tsawon shekara. Sai ga kira ya shigo, muryar na'ura tana tambaya cikin natsuwa wane ƙauye ne. Koren layi yana kashi goma sha huɗu, fanka ta koma numfashin jariri.

Ba ta yarda ba tukuna. Ta gwaji ta huce, ta tada ta, ta sa mata tsohuwar manhaja, ta danna mata mutum ɗari biyar, kowa da bip uku. Arba'in da tara, ya sauko. Ta ƙara zuwa dubu, kowa da bip biyar, irin na mai gaggawa. Hamsin da takwas, ya tsaya, ya sauko. Ta sake yi, ba don tana shakka ba, sai don in hannunta ya tsaya zuciyarta Tungar Zaidu take tafiya. Ta kira salular aikin Manzo sau biyu, ba rezo a hanya. Aka kira la'asar. Inuwar dogon yaro ta miƙe har ta taɓo ƙofa, ga ƙwaryar fura can inda ya bar ta, ƙudaje sun rufe ta.

Rana ta yi ja sannan salularta ta yi ƙara ta katse. Ta kafa mata ido. Ta sake ƙara ta katse. Biyu. Latifa ta riƙe numfashi tana jiran na uku, na tashi tsaye.

Bai zo ba.

Ta danna kira.

"Injiniya," in ji Manzo, muryarsa a gajiye. "Muna matarnite. Mace ce, tana da baki kamar naki. Uwar ta zubar da jini, an sa mata ruwa, likita ya ce da mun ƙara awa guda da wani zance ake. Tana tambayar Yaya."

Latifa ta zame daga kujera ta zauna ƙasa, ta jingina kai da ƙafar tebur, ta yi kukan da ta riƙe tun hantsi. Da ta samu kanta ta tashi ta wanke fuska da ruwan buta. Kafin ta rufe ɗaki ta aika wa Abdurrazak rubutun gwajin da ta gyara, da bayanin yadda layin ya kai ɗari, ta rubuta masa cewa daga yau duk manhajar da za ta zo Filinge sai ta ɗauki wannan kayan tukuna. Ta ɗora tafin hannu bisa akwatin, ta ji ɗumi ne kawai. Ta sa salular roba a jaka don ta maida wa mai ita, ta zubar da furar da ta lalace, ta ɗauki ƙwaryar, ta kama hanyar matarnite da sauri.